Faɗaɗa muƙamuƙin sama ga babban mutum: ina ƙarfin yake tafiya a ƙoƙon kai?

Bakabe_Dalibi
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Akwai bidiyoyin da ke yawo a TikTok da WhatsApp, ana nuna wani ƙarfe da ake ɗaura wa mutum a ganɗa ana murɗa shi kullum, wai yana buɗe dukkan ƙasusuwan kai, fuska ta faɗaɗa, ƙashin kunci ya fito, minshari ya tafi, ko da mutum ya kai shekara 35. Matasa a Birnin Kebbi da Jega sun fara tambaya. Mu dai abin da aka koya mana shi ne bayan balaga mahaɗar tsakiyar ganɗa takan rufe. To in ta rufe, ƙarfin da ake murɗawa ina yake zuwa? In kuma ta buɗe, me ke samun sauran ƙoƙon kai?

Dr_Daidaito_Gusau
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta farko ita ce gindin maganar. Muƙamuƙin sama ƙashi biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa. A ƙaramin yaro mahaɗar miƙaƙƙiya ce, da nama mai taushi a tsakani. Shekaru na ja, gefunan biyu na shiga juna kamar haƙoran zif, har ƙananan gadojin ƙashi su fara ƙetarawa. Birte Melsen ta bayyana waɗannan matakai a 1975. Rufewar takan faro daga baya ta taho gaba.

Ƙarfen faɗaɗa ganɗa irin wanda ake kira Hyrax a jikin turamen haƙora yake kamawa. Juyi ɗaya na makullinsa milimita 0.2 zuwa 0.25 ne, kuma kowane juyi na iya ba da ƙarfin kilo 1.5 zuwa 4.5, in ana ƙarawa kafin na jiya ya huce, sai ya taru ya kai kilo 9 ko fiye. Ƙarfi kuwa kamar ruwan sama ne a kan rufin soro, inda ya fi rauni nan yake bi. A ɗan shekara 10 mahaɗar ce ta fi rauni, sai ta buɗe. A babba, abin da ya fi rauni shi ne siririn ƙashin da ya rufe saiwoyin turame ta ɓangaren kunci, wanda a wurare da yawa bai wuce milimita 1 ba. Sai haƙoran su karkata waje, saiwa ta huda wannan ƙashin, dasashi ya janye, wuyan haƙori ya fito fili yana jin sanyi. Tsinin turmi na ɓangaren ganɗa ya sauko ya riga sauran taɓa na ƙasa, cizon gaba ya buɗe. Ka auna da rula ka ga an samu milimita 5, amma gindin hanci yana nan inda yake. Ana cire ƙarfen, kunci ya fara mayar da haƙoran.

Yar_Yauri
Likita, ke nan a wannan halin ƙoƙon kai bai ma san ana yi ba?

Dr_Daidaito_Gusau
Ya sani, Hajiya, don yana ɗaukar matsin. Shi ya sa mai ƙarfen ke jin nauyi a karan hanci da ƙarƙashin idanu da ginshiƙin kunci. Amma gusawa ba ya yi.

Tiyatar_Fuska
Bari in ƙara kan abin da Dakta ya faɗa, don masu karatu da yawa suna ɗora laifin duka a kan mahaɗar tsakiya. Kowane ɓangaren muƙamuƙin sama yana manne da ƙasusuwa tara, ciki har da ƙashin goshi, na hanci, na kunci, ƙashin ƙarshen ganɗa da ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Ko da mahaɗar tsakiya a buɗe take, akwai wurare uku da ke riƙe shi: gefen ƙofar hanci ta ƙashi, ginshiƙin kunci da ke saman turmi na farko, da can baya inda ƙashin ƙarshen ganɗa ya kama ƙafafun sifinoyid. Sifinoyid shi ne ƙashin nan mai siffar jemage da ya buɗe fukafukai, a gindin ƙoƙon kai. Ƙashi ɗaya ne, ba shi da mahaɗa a tsakiya a jikin babba, saboda haka ƙafafunsa ba sa rabuwa. Ko dai su ɗan lanƙwasa, ko mahaɗar da ke tsakaninsu da ƙashin ganɗa ta saki.

Wannan ne ya sa buɗewar ba ta zama kamar ƙofa mai zamewa. In ka kalli fuska ta gaba, kamar dala take: faɗi a wajen haƙora, tana tsukewa har ta ƙare can sama wajen gindin hanci da goshi. In ka kalle ta daga cikin baki, da ƙarfen da ke kama haƙora, gaba ya fi baya buɗewa. Wertz ya nuna haka tun 1970. Kwanon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwa, ƙasusuwansa takwas, faɗinsa ba ya ƙaruwa ta wannan hanya. Duk maganar tana cikin tsakiyar fuska ne.

Baban_Kaura
Wanga bayani ya yi. Amma kada a bar yaro da tunanin cewa babba ba ya da mafita sai wuƙa. Tun 2010 da Kee-Joon Lee da abokan aikinshi a Koriya ta Kudu sunka wallafa aikin ƙarfe mai ƙusoshi, wanda ake kira MARPE, lissafi ya canza. Won Moon a Amurka ya fito da nashi samfurin, MSE. Ƙusoshin taitaniyom huɗu ne masu zare, biyu kowane gefe, kusa da layin tsakiya. Kaurinsu milimita 1.8, tsawo 11 ko 13. Ga yadda anka samo 11 ɗin: jikin jak ɗin, wato sashen tsakiya na ƙarfen da ake murɗawa, kamar milimita 2, sarari tsakaninshi da ganɗa 1 zuwa 2, naman ganɗa 1 zuwa 2, sauran 5 zuwa 6 su shiga ƙashi. Abin nema shi ne ƙusa ta kama ɓawon ƙashi biyu, na ɓangaren baki da na daɓen hanci. In ɓawo ɗaya ta kama, da an fara murɗawa sai ta kwanta kamar turken da anka kafa a yashi, ta riƙa yanka ƙashi tana tafiya, mahaɗa tana nan a rufe.

Juyi ɗaya a samfurin MSE na biyu kamar milimita 0.13 ne, juyi 6 ya ba da 0.8. A nan ƙarfi ya bar haƙora ya koma jikin ƙashi, kusa da inda tsayayyar take.

Jega_Lab
Ta ɓangaren masu ƙera shi, kurakurai uku ne ke yawan kashe aikin tun kafin a juya makulli. Na ɗaya, jak ya yi nisa da ganɗa. Duk milimitar da ta ƙaru a sararin nan, ƙusa ta ƙara samun tsawon da za ta lanƙwashe. Ganɗa mai zurfi da ƙunci, wadda ita ce ta fi buƙatar aikin, ita ce kuma ta fi wuyar zaunar da jak mai milimita 10 ko 12, shi ya sa wani lokaci ake farawa da na 8. Na biyu, jak ya karkace daga layin mahaɗar, a bi layin haƙoran gaba maimakon layin ƙashi. Sai ɓangare ɗaya ya yi gaba, ɗaya ya yi baya. Na uku, walda a hannuwan da ke zuwa turame ta yi zafi da yawa, waya ta yi laushi. Kuma a duba ko akwai ƙullutun ƙashi a tsakiyar ganɗa, wasu da shi suka taso, yana hana jak zama.

Mai_Hoto_BK
Kafin a zo kan ƙusa, akwai hoto. A 2013 Fernanda Angelieri da abokan aikinta sun raba balagar mahaɗar zuwa mataki biyar a hoton CBCT, wato hoton ƙashi da ke nuna tsawo da faɗi da zurfi, daga A zuwa E. A, layi ɗaya miƙaƙƙe. B, layin ya fara lanƙwashe-lanƙwashe. C, layi biyu a jere da ɗan duhu a tsakani. D, ɓangaren baya ya haɗe. E, haɗewar ta iso gaba. A zuwa C ƙarfen haƙora na iya buɗewa, D da E sai an nemi wata hanya. Amfanin hoton bai tsaya nan ba: da shi ake auna kaurin ƙashin ganɗa a daidai inda kowace ƙusa za ta shiga, da kaurin ƙashin da ke kan saiwoyin turame, da ko bangon da ya raba hanci ya karkace.

Dr_Daidaito_Gusau
Malam Mai_Hoto, amfani na biyu na yarda da shi gaba ɗaya. Na farkon kuwa a riƙe shi da hannu biyu. Masu karanta hoto biyu kan saɓa a kan mataki ɗaya, musamman tsakanin C da D, kuma ganɗa lanƙwasassa ce, yanka ɗaya na hoto ba ya kama ta duka. Masu binciken da suka duba mahaɗar manya a madubin ɗakin gwaji sun tarar cewa wurin da ya zama ƙashi ɗaya tak ɗan kaɗan ne cikin tsawonta, ko a waɗanda suka wuce 25. Abin da ke hana buɗewa shi ne sarƙewar gefunan da taurin ƙashin da ke kewaye, da ginshiƙan da Tiyatar_Fuska ya lissafa. Don haka hoton da ya nuna layi a buɗe ba alkawari ba ne.

Mai_Hoto_BK
Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Sai dai ya fi tambayar shekaru kawai. Akwai ɗan 16 da tasa ta haɗe, akwai ɗan 30 da tasa ke da saura.

Yar_Yauri
To a inda babu CBCT fa? Ba kowane mai zuwa daga Yauri ko Zuru ne zai iya tafiya nesa don hoto ɗaya ba.

Mai_Hoto_BK
Don sa ƙusa, ban ga madadinsa ba, Hajiya. Sa ƙusa mai milimita 13 ba tare da sanin kaurin ƙashi ba ganganci ne. Amma don tabbatar da buɗewa bayan an fara, ƙaramin hoton da ake ciza fim ɗinsa tsakanin haƙora ya isa. A ɗauka kafin a fara, a sake bayan mako ɗaya zuwa biyu. In ta buɗe za a ga baƙin layi ya faro tsakanin saiwoyin haƙoran gaba biyu ya miƙa baya.

Bazamfariya_RN
Ni abin da ya ja hankalina wushirya ce. An ce in aikin ya ci sai wushirya ta fito. Kada 'yan matanmu su ji wannan su ɗauka hanyar samun wushirya ce.

Dr_Daidaito_Gusau
Anti, wannan gargaɗi a wurinsa yake. Wushiryar faɗaɗawa alama ce cewa ƙasusuwan biyu sun rabu, kowanne ya tafi da haƙorinsa. Takan kai milimita 3, 5, wani lokaci fiye. Amma ba ta zama. Akwai zaruruwa a cikin dasashi da ke ɗaure haƙori da maƙwabcinsa. Sun miƙe kamar roba, cikin makonni sai su fara jawo kawunan haƙoran zuwa tsakiya, saiwoyi na nesa da juna. Daga baya da waya ake daidaita saiwoyin, kuma ba a gaggauta wannan sai sabon ƙashi ya fara cike gurbin. A babba wani lokaci ɗan tsinin dasashin da ke tsakanin haƙoran biyu ba ya dawowa cikakke, sai a bar ɗan baƙin gurbi kusa da dasashi.

Sannan wushirya ta halitta ba ta nufin mahaɗar ganɗar mai ita a buɗe take. Tata daga girman haƙora ne, ko zaren leɓen sama da ya sauko ƙasa, ko gado.

Argungu_Therapist
Tun da an taɓo wushirya: masu zuwa a goge musu gefen haƙoran gaba don a ƙirƙiro ta su sani farin ɓawon haƙori a wannan gefen bai fi milimita 1 ba, kuma ba ya tsirowa. An wuce shi, sai tsami da jin sanyi, daga nan jijiyar ciki ta mutu, haƙori ya yi duhu.

Bakabe_Dalibi
Allah ya ƙara sani. In dawo da mu kan ƙoƙon kai: da ƙarfe mai ƙusoshi, in ya ci, wane ƙashi ne ke motsi, kuma nawa?

Baban_Kaura
Binciken Cantarella na 2017 a kan MSE ya auna wanga. Mahaɗar ta buɗe kamar milimita 4.8 a gaba, 4.3 a baya, wato kusan daidai wa daida, saɓanin ƙarfen haƙora. A fiye da rabin gefunan da anka duba, mahaɗar da ke tsakanin ƙashin ganɗa da ƙafafun sifinoyid ta saki. Aikinshi na 2018 ya nuna muƙamuƙi da ƙashin kunci suna juyawa waje tare kamar abu guda, madogarar juyin tana can sama kusa da inda ƙashin kunci ya haɗu da ƙashin goshi, a gefen ido na waje. Ke nan ƙasan kunci ya fita da 'yan milimitoci, samanshi kusan bai motsa ba. Daɓen hanci ya faɗaɗa, bangon hanci na gefe ya matsa waje. Masu bidiyo ba ƙarya zalla sunka yi ba a kan kunci. Sun dai ɗauki milimita 2 a kowane gefe sun mai da ita sabuwar fuska.

Tiyatar_Fuska
Baba, a faɗa wa yaron sauran: mutum 15 ne a binciken farko, matsakaicin shekarunsu kamar 17. Tambayarsa kuwa a kan ɗan 35 ce. Wani bincike daga Koriya ta Kudu a 2022 ya samu buɗewar mahaɗa a kusan kashi 94 cikin 100 na mata, amma kamar kashi 61 na maza, kuma a maza nasarar tana raguwa sosai da ƙaruwar shekaru. Namiji mai kaurin ƙashi da ya haura 30 shi ne wanda ƙusoshi suka fi kasawa a kansa. In an yi kwana 10 zuwa 14 ana murɗawa babu wushirya, babu baƙin layi a hoto, a tsaya. Ci gaba da murɗawa ba ya jawo komai sai lanƙwasar ƙusa, karyewar sandar jak, da ƙarfen ya nutse cikin naman ganɗa.

A irin wannan ne ake zuwa SARPE, faɗaɗawa da taimakon tiyata. Ana yanka dasashi ta cikin leɓen sama, a yanka ƙashi daga gefen ƙofar hanci zuwa ginshiƙin kunci, milimita 4 zuwa 5 sama da ƙarshen saiwoyi, a kan layin da likitocin tiyata ke kira Le Fort na ɗaya. Sai a sa siririn kurfi tsakanin saiwoyin haƙoran gaba biyu a raba tsakiya. A murɗa jak a ɗakin tiyata a ga ɓangarorin biyu suna motsi daidai, a mayar. A jira kwana 5 zuwa 7, sannan a fara milimita 0.5 zuwa 1 a rana. Abin lura ga mai tambaya: a nan an yanke hanyar da ƙarfi ke bi zuwa sama. Abin da ke ƙasan yankan ne ke faɗaɗa, ƙashin kunci yana nan. Saboda haka ta fuskar gindin ƙoƙon kai, tiyatar da aka yi da kyau tana rage matsin da ke isa can.

Baban_Kaura
Na karɓi gyara a kan shekaru. Amma "da kyau" ɗin nan ita ce magana, Likita. Ka faɗi abin da ke faruwa in ba a raba baya ba, ko in anka raba shi da garaje.

Tiyatar_Fuska
Zan faɗa. Likitocin tiyata kansu sun rabu a kan raba muƙamuƙi daga ƙafafun sifinoyid. In ba a raba ba, baya ba ya buɗewa kamar gaba, kuma ƙarfin jak na iya bin ƙafafun ya hau gindin ƙoƙon kai, inda ramukan jijiyoyin ido da na fuska da babbar jijiyar jini suke. An rubuta rahotannin mutane ƙalilan da suka samu tsagewar ƙashi a can, da shanyewar jijiyar da ke motsa ido. Abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, amma ya faru. In kuma an raba, akwai tarin jijiyoyin jini a bayan muƙamuƙi da jijiyar da ke saukowa ganɗa; kurfi ya kauce sama, jini ne mai yawa. Abubuwan da aka fi gani yau da kullum sun fi waɗannan sauƙi: haɓo, kumburi, dindiris a leɓen sama da kunci na makonni, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya fita, haƙorin gaba ya canza launi saboda kurfi ya taɓa saiwarsa.

Kunne_Hanci_TM
Maganar numfashi nake so in taɓa, don da ita ake sayar da abin. Rufin baki shi ne daɓen hanci, saboda haka in ƙashi ya buɗe da gaske, ƙasan kogon hanci na faɗaɗa, kuma mafi ƙuncin wuri a hanyar iska yana can gaba kusa da ƙofar hanci. Ƙarin milimita 2 ko 3 a nan mutum na iya jin sa. Wannan gaskiya ne. Amma toshewar hanci a ƙasarmu sau da yawa daga kumburin naman ciki ne saboda ƙurar hunturu da hayaƙin itace, ko karkataccen bangon tsakiya, ko tsiro. Faɗaɗa ƙashi ba ya warkar da waɗannan. Ɗaukewar numfashi a barci kuma yawanci can baya yake, wajen hanɗa da gindin harshe, kuma ƙiba na da babban hannu. Ana auna shi da gwajin barci: sau 5 zuwa 15 a awa ƙarami, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Wanda ba a yi wa wannan gwajin ba, babu mai iya ce masa ƙarfe ya warkar da shi. Ga wanda ke da ƙuntatacciyar ganɗa mai zurfi tare da ciwon, faɗaɗawa na iya zama ɗaya daga cikin magunguna, kuma akwai masu yin haka a jami'ar Stanford ta Amurka da wasu wurare.

Hancin waje ma yana canzawa. Gindin fukafukan hanci kan faɗaɗa da milimita 1 zuwa 2. A gaya wa mutum tun kafin a fara.

Malamin_Hausa_Gummi
Ni ba likita ba ne, ilimin furuci na karanta, kuma ganɗa wurin aikinmu ce. Baƙaƙen c, j, sh, y da su ky, gy, ƙy duk da tsakiyar harshe da ganɗa ko kusa da ita ake yin su. A tajwidi ma mafitar jimun da shinun da ya'un nan ce. Ƙarfe a wannan wurin dole ya dagula su. Limami ko mai gabatar da shiri a rediyo ya kamata ya san haka kafin ya zaɓi lokacin farawa. Tambayata: bayan an cire, furuci na komawa daidai?

Dr_Daidaito_Gusau
Yana komawa, Malam. Mako ɗaya zuwa biyu na farko ne suka fi wuya, da yawan yawu. Wushiryar ma na sa iska ta tsere a s da z har ta rufe. Sai dai ƙarfen zai daɗe a baki: bayan an gama murɗawa ana kulle jak da waya ko abin cike haƙori, a bar shi aƙalla wata 4 zuwa 6, don gurbin da ya buɗe nama ne mai taushi, a hankali yake zama ƙashi. A cire da wuri, ginshiƙan nan su mayar da shi. Ko an yi komai daidai, a SARPE akan rasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin da aka samu a wajen haƙora, na ƙashi kuwa ya fi tsayawa.

Argungu_Therapist
A cikin waɗannan watanni tsabta ce ke riƙe ƙusa. Tuwo da fura na maƙalewa tsakanin jak da ganɗa. Sirinji marar allura da ruwan ɗumi mai gishiri bayan kowane abinci, ƙaramin buroshi a kewaye kan kowace ƙusa, kurkure da maganin wanke baki kulohezidin mai kashi 0.12 na mako ɗaya zuwa biyu kawai don yana rina haƙora. Asuwaki ya yi wa haƙora, amma kada a tura shi ƙarƙashin jak. Rake, goro, ƙashi da busasshen kilishi a ajiye su. Naman da ya kumbura ya hau kan ƙusa yana jini, alamar ƙusar na gab da sakin ƙashi ce. Kuma makullin a ɗaura masa zare a yatsa, kada a haɗiye shi.

Bazamfariya_RN
A ƙara da waɗanda ba a fara wa sai an yi shawara: mai ciwon dasashi da ƙashinsa ya zaizaye, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan taba, mai shan maganin ƙarfafa ƙashi irin bisfosfonet. Da masu sikila, waɗanda muke da su da yawa. Su ɓargon ƙashin fuska kan faɗaɗa, muƙamuƙin sama ya turo gaba, haƙora su rarrabu, ga haɗarin ciwon ƙashi da na allurar barci. Dole likitan jini ya shigo ciki.

Tiyatar_Fuska
Haka ne. Da waɗanda aka yi wa gyaran tsagaggen leɓe da ganɗa, ko waɗanda cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta bar wa tabo, irin waɗanda asibitin noma na Sakkwato ke karɓa daga Kebbi da Zamfara. A tsagaggiyar ganɗa babu mahaɗar tsakiya irin wadda muke magana. Tabon tiyata ne ke tsuke muƙamuƙi, kuma faɗaɗawa na iya bayyana ramin da ke tsakanin baki da hanci. Lissafinsu daban ne.

Yar_Yauri
Ba wanda ya taɓo muƙamuƙin ƙasa. In sama ya faɗaɗa da milimita 8, ƙasa fa?

Dr_Daidaito_Gusau
Na gode da kika tuna. Mahaɗar tsakiyar muƙamuƙin ƙasa tana rufewa tun cikin shekarar farko ta rayuwa, babu ƙarfen da ke buɗe ta sai tiyata. Abin da ake iya yi shi ne miƙar da turamen ƙasa in sun kwanta ciki. Don haka muƙamuƙin ƙasa shi ne ma'auni. Ana faɗaɗa sama ne in ya gaza ƙasa: turamen sama na faɗawa cikin na ƙasa a gefe ɗaya ko biyu, ko sun karkata waje don su ɓoye ƙuncin. Tsohuwar ƙa'ida ita ce bambancin da bai kai milimita 5 ba a babba ana iya rufe shi da motsa haƙora in ƙashi da dasashi sun ba da dama, wanda ya wuce haka na son buɗe ƙashi. Wanda cizonsa daidai yake aka faɗaɗa masa don kunci ya fito, turamen sama za su wuce na ƙasa gaba ɗaya, su riƙa saɓawa kamar almakashi, tauna ta lalace.

Jega_Lab
Kuma a bambanta MARPE da wasu ƙarafan da ake tallatawa da sunan tsirar da sabon ƙashi ga manya. A watan Maris na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan irin su AGGA, bayan rahotannin haƙora da suka yi girgiɗi, saiwoyi a fili, ƙashi ya zaizaye. A jikin haƙora suke turawa. Su ne ainihin abin da Dakta ya bayyana a amsarsa ta farko. Haka masu cewa a danna harshe a ganɗa a samu faɗi: a babba babu hujjar cewa yana buɗe mahaɗa.

Baban_Kaura
Ni dai har yanzu ina kan cewa macen da ba ta kai 30 ba, da namiji ɗan 20 da 'yan kai, a fara gwada ƙusoshi kafin a kai su ɗakin tiyata. Allurar kashe wuri kaɗai ake buƙata. Akwai kuma tsaka-tsaki: a huhhuda ɓawon ƙashi a kan layin mahaɗar da siririn abin huji, ramuka a jere tsakaninsu kamar milimita 2, don a raunana ta kafin a ci gaba da murɗawa.

Tiyatar_Fuska
Wannan yana raunana tsakiya, Baba, amma ginshiƙin kunci da ƙafafun sifinoyid suna nan yadda suke. Kuma mai zuwa daga Anka ko Bagudo, da wahalar hanya da halin tsaro, in ƙusa ta saki a mako na biyu wa zai duba shi? Aikin na son a ga mutum kowane mako a lokacin murɗawa. Wannan ma yana cikin lissafin zaɓen hanya, kuma bai tsallake tiyatar ba.

Bakabe_Dalibi
Malamaina, akwai abin da ban gane ba a bayanin Baban_Kaura. In ƙashin kunci na juyawa waje, kuma daɓen gurbin ido muƙamuƙin sama ne, ido ba ya shiga ciki?

Mai_Hoto_BK
Duba inda madogarar juyin take. Kamar ƙyauren ɗaki ne: bakin ƙyaure na tafiya mai nisa, wajen hinji kuwa kusan a tsaye yake. Gurbin ido yana kusa da hinjin, shi ya sa abin da ake aunawa a can ƙasa da milimita 1 ne yawanci. Amma ganin abu biyu-biyu, ko zubar hawaye daga ido ɗaya, ko dindiris ƙarƙashin ido da bai wuce ba, ko ciwon kai mai tsanani bayan juyi, duk dalilin ajiye makulli ne a ranar, a koma wurin likita a ɗauki hoto.

Kunne_Hanci_TM
A ƙara da ruwa fari kamar na famfo da ke ɗiga daga hanci ɗaya in an sunkuya, mai ɗanɗanon gishiri. Wannan ba mura ba ce, ba a jira gobe da shi.

Yar_Yauri
Baban_Kaura, a kan saurin murɗawa ga babba ban ji adadi ba. Wasu na cewa juyi 4 zuwa 6 a rana har wushirya ta fito, wasu na cewa juyi ɗaya. Wanne kake bi ga mace 'yar 26 mai siririn ƙashin ganɗa?